Sunan Ladan Bai Fito Ba

Ladan ya girme ni da shekara biyu. Shi yana cewa huɗu. Tare muka taso a Tungar Gawo, yamma da Managil a ƙasar Sudan, a bakin tur'a, babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonakin auduga. Tungar Gawo sunan da iyayenmu suka sa ne. A bakin mutanen ofis kuwa kambo ne kawai, zangon 'yan ƙwadago, waɗanda ake ganin gobe ko jibi za su naɗe tabarma su yi gaba. Yau shekara sittin da 'yan kai ba mu naɗe ba.

Abin da aka yi masa bara shi ya sa na ɗauki alƙalami, ni da ban saba ba. Na yi ta jira raina ya huce, bai huce ba.

Kakan Ladan daga ƙasar Katsina ya taso da ƙafa, da niyyar aikin Hajji. Guzuri ya ƙare masa a Makwar, a daidai lokacin da ake gina madatsar ruwa, sai ya tsaya ɗaukar dutse don ya tara na ƙarasawa. Bai kai Makka ba, bai kuma koma gida ba. A Makwar aka haifi uban Ladan, a can aka haifi Ladan shi ma. Da aka zo haƙa hanyoyin ruwa na Managil, uban ya kwaso iyali ya biyo aikin, a nan muka haɗu muna yara. Kaka ya ɗauki dutsen da ya tare kogi, uba ya haƙa hanyar da ruwan zai bi, jika kuma ya ƙare rayuwarsa yana zuba ruwan a gonar wasu. A cikin su ukun babu wanda ya taɓa mallakar hawasha, wato gonar da ke da takarda, ko da tsawon taki goma.

Ban-ruwa shi ne aikin Ladan tun yana ɗan shekara goma sha biyar. In aka buɗe wa gona ruwa sai ya tuɓe takalmi ya shiga, ya bi ta da tafin ƙafa. Ya san inda ƙasa ta yi doro da inda ta lotsa tun ruwan bai isa wurin ba. Ya toshe nan da laka, ya ɓalle can da fartanya, kafin la'asar gona ta sha daidai, babu kunyar da ta nutse, babu wadda ta kwana da ƙishi. Wata shekara wani mai duba gonaki ya zo da na'urarsa ya auna wata hawasha, ya ce a baje take. Ladan ya ce kusurwar gabas ba za ta ga ruwa ba. Aka buɗe, kusurwar gabas ba ta ga ruwa ba. Mutumin bai sake amsa gaisuwarsa ba har aka canza masa wurin aiki. Masu hawasha kuwa rububinsa suke yi lokacin shuka. In auduga ta tsaya da ƙafarta sai su manta hanyar gidansa har wata shekara.

Matarsa Zahra'u ta rasu da daɗewa. 'Ya'ya biyu suka rayu. Yalwa, da mijinta ya rasu, ta dawo gidan uba da 'yan mata uku. Sulaiman ya tafi Khartum tun yana saurayi, ya samu aikin gyaran lantarki, ya zauna can.

A kambo ba a gini da jan bulo. Ba ƙasarka ba ce, ana iya cewa ka tashi. Laka ce da kara, duk shekara kafin damina a shafe bango da kashin shanu, a yi addu'a. Ladan ba mai yawan buri ba ne, amma abu ɗaya na ji yana maimaitawa tun gemunsa bai yi fari ba: ya ga sunansa a takardar fili kafin ya mutu, don kada wani ya zo bayan ransa ya ce wa Yalwa da 'ya'yanta su kwashe kaya.

Akwai wata al'ada tamu da sai na bayyana, don a kanta maganar ta rataya. In Bahaushen ƙasar nan ya gamu da ɗan'uwansa, ko a Dindir, ko a Damazin, ko a tashar motar Managil, bayan gaisuwa zai ce, "Ku mutanen ina ne?" Ba gidan da ka kwana yake tambaya ba. Garin da kakanka ya baro yake so ya ji. Da wannan ake sanin wanda za ka tsokana da wanda za ka russuna wa, da gidan da za a je neman aure, da wanda zai tsaya a kanka in ajali ya riske ka a baƙon wuri. Ni mutumin Argungu ne, ban taɓa ganin Argungu ba, ubana ma bai gan ta ba. Bakabe da Bakatsine abokan wasa ne, shi ya sa tun muna kama kifi a tur'a Ladan yake kirana bawansa, ni kuma nake ce masa ɗan fatake mara gona.

In kuwa ɗan sanda ne ya tambaye ka, ko magatakarda, da Larabci, kana tsaye a gabansa, amsar daban ce. Sunan kambo, lambar tur'a, ga takardata. Duka biyun gaskiya ne. Ba wanda ya zaunar da mu ya koya mana, amma kowane yaro a Tungar Gawo ya san amsar da ake bayarwa a zaune da wadda ake bayarwa a tsaye.

Ladan shi ya fi kowa sanin ta zaunen. Gida tamanin da biyu ne a kambonmu, ya san garin kakan kowa, da hanyar da ya biyo, da wanda ya mutu a Fashir, da wanda ya auri ƙanwar wa. In za a ɗaura aure shi ake fara kira. Ni mai shiru ne, shi kuma in ya fara magana sai kiran salla ya tsayar da shi.

Sulaiman bai koya wa 'ya'yansa Hausa ba, kuma da gangan ya yi. Ya ce shi ya sha gori a makaranta da wurin aiki, nasa ba za su sha ba. Amma babbar 'yarsa, Ibtisam, da ta gama jami'a sai ta juyo da kanta. Ta koyi Hausa a waya, ta buɗe shafi a intanet tana rubuta abin da ya shafi zaman mutanen Afirka: abinci, lalle, yadda ake renon yara, yadda dangi ke watsewa su sake haɗuwa. Dubban mutane suna karantawa, daga Alƙahira har Kano har ƙasashen Turawa. Yarinya ce mai kirki, wannan ba na ja. In ta zo har ƙasa take durƙusawa ta gaishe ni.

Bara da Babbar Salla ta zo. Kashegarin layya da hantsi muna ƙarƙashin rakuba, rumfar karan da ke ƙofar ɗakin Ladan, Yalwa tana soya gahawa, sai Ibtisam ta jingina wayarta da tulu ta zauna a tabarma gaban kakanta.

"Jiddo, ka ba ni labari. Zan ajiye muryarka."

"Amarya ta zo da bokanta," in ji Ladan. "To mi kike so? Ki yi Hausar nan taki ta rediyo in ji."

Ta yi dariya, ta gyara zama, ta ce, "Jiddo, mu mutanen ina ne?"

Da Hausa ta tambaya. A zaune take, jikarsa ce, ƙanshin gahawa ya cika rumfa. Wace amsa mutum zai bayar?

"Mu? Mutanen Katsina muke. Ɗiyan Katsina na ƙwarai, ba irin wanga Bakabe mai ƙarnin kifi ba."

Na ce, "Kifin da kake zuwa roƙo."

Daga nan ya ɗauko zare. Ya faɗi tafiyar kakansa, da dutsen Makwar, da ɗakin da aka haifi ubansa a bayan madatsar, da yadda aka haƙa tur'ar nan da hannu. Da ya gama da nasa sai ya shiga na mutane, gida bayan gida, daga bakin gawo har ƙarshen layi: waɗannan mutanen Gummi ne, waɗancan na Tasawa, wancan kakarsa Bazazzagiya ce. Bai tsaya ba sai da aka kira azahar. Ibtisam tana ta share hawaye, ta ce ba ta taɓa jin ta san ko ita wace ce ba sai yau.

Da ta koma Khartum ta ɗauki maganar awa uku ta yanko minti biyu ta sa a shafinta da hoto, don an ce mutanen waya ba sa haƙurin abin da ya wuce haka. Ta bar inda ya ce mutanen Katsina muke, da inda yake kwaikwayon yadda kakansa ke kirarin garinsu. Makwar ba ta shiga ba. A sama ta rubuta da Larabci da Turanci: Kakana Bakatsine, bai manta gida ba.

Yalwa ta karanta mana abin da mutane suka rubuta a ƙasa. Wata daga ƙetare ta ce fuskarsa ita ce fuskar Afirka ta ainihi. Wani daga Kano ya ce Baba ka dawo gida muna jiranka. Ladan ya ji daɗi, ya sa aka sake karanta masa sau biyu, ya ce mini, "Ka ji, bawa, ni duniya ta san ni. Kai ko akuyarka ba ta san ka ba." Ni ma ban ga aibu a lokacin ba, ba zan yi ƙarya ba.

Bayan salla da wata guda ruwa ya zo. Sama ta yi ta zuba, tur'a ta ɓalle, ruwan ya biyo kwari ya shigo mana. Bangon laka ba ya faɗuwa da ƙara, narkewa yake yi kana kallo. Muka kwashe abin da ya kwasu muka hau gaɓar tur'a, muka kafa tantuna da buhuna da zannuwa. Sati uku muna can kafin ƙasa ta fara bushewa.

Sai labari ya zo cewa an kafa lajna, kwamitin mutum uku, za a raba mana filaye a tudu, kusa da hanyar mota, kowa da takardarsa. Fili saba'in, mu kuwa gida tamanin da biyu. Sharaɗi biyu ne: ka zama ɗan ƙasa da takarda, kuma ka daɗe a wurin. Ladan bai damu ba. Takardarsa ta ɗan ƙasa tana naɗe cikin leda a aljihun ciki, wadda ya yi shekara biyu yana zarya birnin Madani kafin a ba shi, tun Yalwa tana goye. Daɗewa kuwa, da shi aka kafa kambon. Tun ba a kira suna ba ya ja ni muka hau tudun, ya tuɓe takalmi ya taka shi daga gefe zuwa gefe, ya nuna mini inda zai so ƙofarsa ta kalla.

Lajna ta zauna a makarantar ƙauyen da ke maƙwabtaka da mu. Ana kiran magidanta bibbiyu, kowa ya zama shaidar ɗan'uwansa. Ni da Ladan muka shiga tare. Shugaban ya karɓi takardata ya duba, ya tambaye ni, na ba shi amsar tsaye, ya rubuta. Ya karɓi ta Ladan, ya juya ta gaba da baya, ya ajiye. Sai ya zaro waya daga aljihu ya ɗora a tebur, ya latsa. Muryar Ladan ta cika ajin.

"Ya Hajj, wannan kai ne?" Da Larabci yake magana.

"Ni ne."

"Ga fassara a ƙasa. Ka ce kai mutumin Katsina ne. Katsina a wace jihar Sudan take?"

Na kusa da shi ya yi murmushi.

Ladan ya ce, "Kakana ne ya zo daga can. Ubana a Makwar aka haife shi, ni ma haka. Ga takarda a gabanka."

"Takarda ana samunta ta hanyoyi da yawa. Wannan kuwa bakinka ne, ba wanda ya tilasta ka. Dubu arba'in sun kalla."

"Da jikata nake hira."

"To wa ka yi wa ƙarya, jikarka ko hukuma?"

Na buɗe baki na ce na san Ladan tun muna yara, shugaban ya ɗaga mini hannu ya ce an gama da ni, in fita. Suka ce an ajiye sunansa a gefe sai an bincika.

Mutumin nan da ya yi tambayar, in ka bi nasa kakan, ƙila daga arewa ya gangaro, ko daga Hijaz ya ƙetaro, kuma a zauren gidansu da alfahari suke faɗa, har su rataya shi a bango. Ba wanda ya taɓa ajiye sunansa a gefe don haka. Mu ne kawai in muka ambaci kakanmu sai ƙasar da muka haƙa da hannunmu ta zama ba tamu ba.

Abin da ya fi ci mini rai, ba baƙo ne ya kai wa lajna hoton ba. Nasir ne, namu, gida na shida daga bakin gawo. Yana da 'ya'ya uku masu aure, kowa yana son fili, ya ƙirga ya ga sai an rage wasu. Ladan ne ya tsaya wa ubansa a neman auren uwarsa.

Da Ibtisam ta ji, a ranar ta sauke hoton daga shafinta, amma ya riga ya shiga wayoyin mutane. Ta yanko inda Ladan ke maganar Makwar da haihuwar ubansa, ta aiko, muka kai. Shugaban ya saurara rabi ya ce, "Wannan yankakke ne. Kowa yana iya yanko abin da ya yi masa daɗi. Ku kawo maganar duka, daga farko har ƙarshe, ba a taɓa ta ba, mu saurara mu yanke hukunci."

Na farkon fa? Shi ba yankakke ba ne? Wanda ya cuce shi an karɓa da minti biyu, wanda zai wanke shi sai an kawo awa uku. Na faɗi haka a waje, ga bango, don a ciki ban iya ba.

Da yamma kafin magariba muna zaune a gaɓar tur'a bakin tantin Ladan, Ibtisam ta kira wayar Yalwa. Aka buɗe murya kowa yana ji. Muryarta ta dushe don kuka.

"Jiddo, ka yafe mini. Gobe zan hau mota in kawo shi duka da hannuna. Komai yana ciki, da Makwar, da sunan ubanka, da shekarar da aka haƙa tur'a. Ba yadda za su yi."

Ladan ya murza gemu. Can ya ce, "Amarya, har da inda na bi gidaje?"

"Har da shi, Jiddo. Sun ce kada a taɓa komai."

"Gida nawa na faɗa?"

"Duka, ina jin. Ka ce ba ka tsallake kowa ba."

Sai a lokacin na gane abin da ya gani. Magidanci tamanin da ɗaya sun shiga ajin nan sun ba da amsar tsaye. A cikin wayar kuwa ga Ladan da bakinsa yana ba kowannensu amsar zaune, da sunan gari, da sunan kaka. Ni ne ma na farko a ciki.

Yalwa ta ajiye ludayin da ke hannunta. "Baba, su sunka kai ka. Kai ma ka kai su. A ji na Nasir, mutumin Gummi, a ajiye nashi sunan a gefe shi ma."

"Nasir guda ne. Sauran mi sunka yi min?"

"Mu fa mi munka yi? Ka dubi ɗiyan nan. Shekara nawa kana faɗin takarda, takarda, yau ga ta a bakin ƙofa."

"Na sani."

"Ba za su hana kowa da kowa ba. In sun ji duk haka muke, dole su haƙura."

"Ko su ce kambon duka baƙi ne, su ba wasu tudun. Ke kin san wanda za su yi? Ni ban sani ba."

Ibtisam ta ce daga cikin waya, "Jiddo, zan rubuta, zan sa duniya ta ji, akwai lauyoyi masu karanta shafina."

"Duniya ta ji sau ɗaya, amarya, ga mu a kan gaɓa."

Ya juyo ya dube ni. Ya daɗe yana dubana. Da a ce na ce masa, Ladan, a kai, abin da zai faru ya faru, ban san abin da zai yi ba. Ban ce ba. Na sunkuyar da kai ina kallon ruwa, a raina ina tunanin nawa jikokin. Wannan ma yana cikin abin da ya hana raina hucewa.

Ya karɓi wayar daga hannun Yalwa ya kai kusa da baki, kamar yadda tsofaffi muke yi.

"Ki saurara. Kada ki goge shi, don bayan ni babu wanda ya san waɗanga abubuwa. Amma kada ki kawo, kada ki nuna wa kowa, ko ubanki. Ki bari sai kowa ya gina, bulo ya bushe, mu kuma mun tafi. Sannan ki yi abin da kika ga dama."

"Filinka fa, Jiddo?"

"Zan koma musu da takardata. Ita ma ai magana ce."

Yalwa ta tashi ta shige tanti, kwana biyu ba ta yi masa magana ba. Abinci dai tana ajiye masa.

Sau huɗu ya hau mota zuwa Managil da takardarsa a leda. Biyu na raka shi. Mu zauna a benci tun safe, a ce shugaban ya fita, ko a ce ana dubawa, ko a ce ina muryar da aka ce ku kawo. Ladan ya ce ta ɓace. Magatakardan ya ɗaga kafaɗa. A hanyar dawowa ba ya tsokanata, ni ma ba na tsokanarsa, sai ƙarar mota.

Da sanyi ya shigo aka manna sunaye a bangon makaranta. Nawa na arba'in da ɗaya. Gidan Nasir sun samu biyu. Yalwa ta bi takardar da yatsa daga sama har ƙasa sau uku. Sunan Ladan bai fito ba, shi da wasu gida goma sha biyu, yawancinsu zawarawa da waɗanda ruwa ya cinye musu takardu.

Na same shi na ce mu raba nawa biyu, ya gina a gefen gabas. Ya ce a'a.

"Sunanka ke kan takardar, Audi. Yau kana da rai. Ran da ba ka, ɗiyanka za su dubi Yalwa su ga ta cika musu wuri, kuma ba su yi laifi ba. Gara ta zauna inda ta san ba nata ba ne tun farko, da ta zauna inda za ta manta."

Da sunana ya kira ni, ba bawa ba. Ban ja maganar ba.

Ya koma kwari ya kwaɓa laka, ya ta da ɗaki biyu a kan tsohon gurbin. Ni da 'ya'yana muka taya shi ɗora rufi. Mutanen kambo da yawa sun san abin da ya yi musu, don Yalwa ba ta ɓoye ba. Wasu sun zo sun yi godiya a asirce, wasu sun aiko da kara da itace ba su zo ba. Wasu kuwa in sun hango shi sai su canza hanya. Nasir yana salla a sahu ɗaya da mu har yau.

Ibtisam ta yi dogon rubutu a shafinta kan mutanen kambo, ba ta sa suna ba, ba ta sa hoto ba. Yalwa ta ce mutum ɗari uku ne suka karanta. Matar nan da ta ga fuskar Afirka ba ta ce komai ba. Ban ce yarinyar ta daina rubutu ba, don abin da take nema na gaskiya ne, uban da ya hana ta harshenta ma tsoro ne ya sa shi. Abin da ba ta sani ba, mu ma ba mu sani ba, shi ne wayar da aka jingina da tulu ba a rumfa take zaune ba. Ladan yana ganin jikarsa, ashe har da shugaban lajna a tabarmar.

Da azumin bana faɗa ya ɓarke a Khartum. Bayan kwana tara sai ga Sulaiman da matarsa da Ibtisam da ƙannenta biyu a bayan motar kaya, kowa da jaka ɗaya. Ba su da wurin zuwa sai gidan uba. Ladan ya ba su ɗakinsa, ya fitar da gadonsa rumfa. Yanzu su goma ne a ɗaki biyu na laka, a kwarin da ruwa ya ci bara. Sulaiman ya je Managil da kansa, da Larabcinsa mai kyau na birni, ya tarar an ce lajna ta daina zama sai abin da hali ya yi.

Jiya na gangara na same su suna cika buhuna da ƙasa suna jerawa a gindin bango. Ibtisam tana riƙe bakin buhu, ubanta yana zubawa, hannunsa duk ya yi kanta. Hadari ya haɗu a gabas tun azahar. Yalwa ta ja ni gefe ta ce in ruwa ya shigo za ta hauro da mata da yara gidana, ta kuma ce Baba ya rantse shi ba zai hau ba. Na ce ta bar ni da shi, in ta kama a ɗauke shi da gadon za a ɗauke shi.

Na dawo tudu na sa aka share ɗakin da muka gama rufawa, aka fitar da buhunan dawa zuwa zaure. Ɗayan ɗakin har yanzu ba shi da ƙofa, na rataya masa tabarma.